Ran Tayi a Hannun Wa? Kiristocin Amurka Tsakanin Jiha da Tarayya

Ranar Juma'a, 24 ga Yuni 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta warware wani ƙulli da ta ɗaure da hannunta shekara 49 kafin nan. A 1973, cikin shari'ar da aka fi sani da Roe da Wade, kotun ta ce kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba mace 'yancin zubar da ciki, kuma babu jihar da ke da ikon hana ta muddin tayin bai kai matsayin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa ba. Sai ga shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga wata dokar jihar Misisifi da ta haramta zubar da ciki bayan mako 15. Mai shari'a Samuel Alito ya rubuta cewa kundin bai ba da wannan 'yanci ba, saboda haka magana ta koma hannun jama'a da wakilan da suka zaɓa. Alƙalai biyar cikin tara ne suka amince a soke Roe. Babban Alƙali John Roberts ya yarda dokar Misisifi ta tsaya, amma bai yarda a tumɓuke tsohon hukuncin tun daga saiwarsa ba.

Coci-coci da yawa sun yi addu'ar godiya a Lahadin da ta biyo baya. Mutanen da tun 1974 suke fita tattaki a Washinton kowane watan Janairu, cikin sanyi mai shiga ƙashi, sun ga abin da suka daɗe suna roƙo. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ba a yi wata uku ba sabuwar gardama ta tashi, wannan karon a cikin gidan masu adawa da zubar da cikin su kansu. Hukunci ya ce a mayar wa wakilan jama'a. To waɗanne wakilai? 'Yan majalisun jihohi hamsin, ko 'yan majalisar tarayya da ke Washinton?

Ya kamata a san tun farko cewa bakin Kiristocin Amurka ba ɗaya ba ne. Cocin Katolika ta daɗe a matsayi guda: rai yana farawa daga lokacin da ciki ya shiga, kuma zubar da shi da gangan babban zunubi ne. Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara jaddada hakan a wasiƙarsa ta 1995 mai suna Evangelium Vitae. Su kuwa coci-cocin masu bishara, waɗanda a yau su ne ƙashin bayan wannan fafutuka, daga baya suka shigo. A 1971 babban taron 'yan Baftis na Kudu ya zartar da ƙuduri yana neman a halatta zubar da ciki idan na fyaɗe ne, ko an same shi tsakanin muharramai, ko tayin yana da mummunar nakasa, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Sai a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 suka juya gaba ɗaya. A ɗaya gefen akwai tsofaffin ɗarikun Furotesta, irin su cocin Episkofal da babban reshen Firesbitariya, waɗanda suke ganin bai kamata hukuma ta shiga tsakanin mace da lamirinta ba. Sanata Raphael Warnock, wanda yake wa'azi a cocin da Martin Luther King ya yi fasto a Atlanta, yana faɗa a fili cewa yana goyon bayan a bar wa mace zaɓi.

Kowane ɓangare yana da abin da yake buɗewa a Littafi Mai Tsarki. Masu hani suna kawo Zabura ta 139 da farkon littafin Irmiya, inda aka nuna Allah ya san mutum tun yana cikin uwarsa, da labarin Luka na yadda Yohanna ya motsa a cikin Alisabatu lokacin da Maryamu ta gaishe ta. Masu sassauci suna nuna Fitowa sura 21, batun mutanen da suka bugi mace mai ciki suna cikin faɗa, wurin da mafassara suka saɓa a kan ko ɓari ake nufi ko haihuwar bakwaini. Sai dai duk waɗannan wurare babu wanda ya ce komai a kan tambayar da ke gabanmu. Manzo Bulus ya koyar a Romawa sura 13 cewa mai mulki bawan Allah ne da aka ba iko ya hukunta mai aikata mugunta. Bai ce gwamna ne ko shugaban ƙasa ba. Nan dole mai bi ya yi aiki da hankalinsa da abin da tarihi ya koya masa.

Masu cewa a yi doka guda daga tarayya suna da hujja mai nauyi, kuma ban ga yadda mai gaskiya zai kau da kai daga gare ta ba. Cewa suke: idan abin da ke cikin mahaifa mutum ne, ta yaya zai zama mutum a Teksas, amma da an tsallaka iyaka an shiga Niyu Meksiko ya daina zama mutum? Yau jihohi sama da goma sun hana zubar da ciki kusan baki ɗaya. Jojiya da Fulorida sun tsaya a wajen mako shida. Kolorado da Origon ba su sa iyakar makonni ba sam. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma darajar rai tana sauyawa da tafiyar awa biyu a mota. Ga wanda ya yi imani cewa kowane ɗan Adam an halicce shi cikin siffar Allah, wannan abu ba ya haɗiyuwa.

Suna kuma da madogara a cikin kundin ƙasar. Gyara na 14, wanda aka yi a 1868 bayan yaƙin basasa, ya hana kowace jiha ta tauye wa kowane mutum kariyar doka daidai da ta kowa. Manyan malaman shari'a biyu 'yan Katolika, John Finnis da Robert George, sun rubuta wa kotun a lokacin shari'ar Dobbs cewa kalmar mutum a wannan gyara ta haɗa da wanda ba a haifa ba. Kotu ba ta bi su ba, amma ra'ayin bai mutu ba.

Hujjarsu da ta fi cizo ita ce ta tarihi. A 1858 Abraham Lincoln da Stephen Douglas sun yi muhawara bakwai a jihar Ilinoi a kan bauta. Douglas ya tsaya a kan cewa kowane yanki ya zaɓa wa kansa da ƙuri'a, ya riƙe bayi ko ya bari. Lincoln ya ce ba za a mayar da mugun abu halal don kawai masu rinjaye a wani yanki sun so shi ba. Kiristocin da ke neman dokar tarayya suna cewa duk mai faɗin a bar wa jihohi, takalmin Douglas ya sa. Suna ƙarawa da cewa shekara ɗari bayan haka, da sunan 'yancin jihohi ne gwamnonin Kudu suka tare ƙofar makarantu don kada yaran baƙaƙen fata su shiga, kuma sai da tarayya ta sa hannu, da hukuncin kotu na 1954 da dokar 'yancin jama'a ta 1964, sannan aka karya wannan zalunci.

Akwai kuma abin da ido ke gani. Cibiyar Guttmacher, wadda ke goyon bayan 'yancin zubar da ciki amma kowane ɓangare ke amfani da alƙalumanta, ta ƙiyasta cewa a 2023 an zubar da ciki sama da miliyan ɗaya a Amurka, wato fiye da na 2020 lokacin da Roe ke aiki. Mata kusan 170,000 ne suka tsallaka zuwa wata jiha don yin hakan, kuma kashi 63 cikin ɗari da ƙwayoyi aka yi, waɗanda yanzu har ta gidan waya ake aikawa. Masu neman dokar tarayya suna cewa hanin jiha ɗaya tamkar dinga ce da aka yi wa kogi a rabin faɗinsa. Da wannan tunani Sanata Lindsey Graham ya kawo ƙuduri a watan Satumba na 2022 na hana zubar da ciki bayan mako 15 a faɗin ƙasar.

Ƙudurin bai je ko'ina ba, kuma cikin waɗanda suka yi masa sanyi-sanyi har da 'yan jam'iyyarsa, Kiristoci masu zuwa coci kowace Lahadi. Kuskure ne a ɗauka duk tsoron zaɓe ne ya hana su. Wasunsu tsoron ne, amma akwai hujjoji na gaske.

Ta farko ita ce tsarin ƙasar. Gyara na 10, na 1791, ya ce duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba yana hannun jihohi ko jama'a. A Amurka, shari'ar kisan kai kanta galibi aikin jiha ce. Teksas tana zartar da hukuncin kisa, Mishigan ta soke shi tun a ƙarni na 19, kuma babu mai cewa ran ɗan Mishigan ya fi arha. Shekara arba'in da tara masu adawa da Roe suna kuka cewa alƙalai tara a Washinton sun ƙwace wa jama'a magana. Marigayi Mai shari'a Antonin Scalia, Bakatolike mai tsananin riƙo, ya yi ta nanata cewa kundin bai tilasta a halatta ba, bai kuma tilasta a haramta ba, aikin masu zaɓe ne. Wanda ya yi rabin ƙarni yana wannan kuka, in ya wayi gari yana neman Washinton ta yanke wa kowa hukunci, to ya nuna ashe ba ƙwacen ne ya dame shi ba, wanda ya yi ƙwacen ne bai yi masa ba. Har Mai shari'a Clarence Thomas, da kotun ta tabbatar da wata dokar tarayya ta hana wani nau'in zubar da ciki a 2007, sai da ya yi hannunka mai sanda cewa ba a kawo gabansu tambayar ko majalisar tarayya tana da hurumin yin dokar ba.

Ta biyu daga koyarwar coci take. A 1931 Paparoma Pius na 11 ya shimfiɗa wata ƙa'ida a wasiƙarsa Quadragesimo Anno, cewa bai dace babbar hukuma ta karɓe aikin da ƙaramar al'umma za ta iya yi da kanta ba. Furotesta kuma, musamman 'yan Baftis da kakanninsu suka sha wuya a hannun coci-cocin gwamnati, suna da tsohon tsoron tara iko wuri guda, domin sun yi imani zuciyar ɗan Adam karkatacciya ce, ta mai mulki ma haka. Masu ɗaya ra'ayin suna da amsa, cewa ƙa'idar ta ce aikin da ƙaramar al'umma za ta iya yi, kuma jihar da ta ƙi kare rai ta gaza. Amsa ce mai kyau, sai dai ba ta share hujja ta uku ba.

Wannan ta ukun ita ce ta fi tsaya mini a rai. A farkon ƙarni na 20, coci-cocin Furotesta da ƙungiyoyin mata Kiristoci sun yi nasarar da ta fi duk abin da masu adawa da zubar da ciki ke mafarki: sun sa an gyara kundin tsarin mulki an haramta sayar da giya a duk ƙasar. Dokar ta fara aiki a 1920. Niyyarsu mai kyau ce, don sun ga gidajen da giya ta rusa da matan da ta mayar zawarawa. Amma doka ta riga zukatan mutane yin gaba. Manyan birane ba su yarda ba, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, 'yan daba irin su Al Capone suka yi kuɗi, kuma a 1933 aka sake gyara kundin aka soke hanin. Daga nan batun hani a duk ƙasar bai sake tashi ba. Ba na daidaita giya da rai. Abin da nake nunawa shi ne abin da ke faruwa da doka in ta rasa jama'a a bayanta.

Jama'ar kuwa sun yi magana. Ranar 2 ga Agusta 2022, kusan mako shida bayan Dobbs, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Kansas, jihar da ba ta zaɓi ɗan Dimokurat a matsayin shugaban ƙasa ba tun 1964. Kusan kashi 59 cikin ɗari suka ƙi a cire kariyar zubar da ciki daga kundin jihar. Kentaki ta bi sahu a watan Nuwamba. Ohayo a 2023 ta sa 'yancin a kundinta da kusan kashi 57. A Fulorida a 2024 masu neman 'yancin sun sami kashi 57, sun faɗi ne kawai don doka ta ce sai an kai kashi 60. Masu hani sun yi nasara a Dakota ta Kudu da Nebraska a wannan shekarar, amma hoton gaba ɗaya a bayyane yake. Waɗannan jihohi cike suke da coci-coci, ma'ana da yawa cikin masu jefa waɗannan ƙuri'u daga kan bencin coci suka fito. Fastan da bai shawo kan masu sauraron wa'azinsa ba, da wane ƙarfi zai ɗora wa Kalifoniya doka?

Ga kuma batun sandar da ake sassaƙawa. Duk ikon da aka ba tarayya ta hana, shi ne ikon da za ta yi amfani da shi ta halatta in gwamnati ta sauya hannu. Ba zato ba ne wannan. A watan Satumba na 2021 Majalisar Wakilai, a ƙarƙashin 'yan Dimokurat, ta zartar da ƙudurin da zai halatta zubar da ciki a duk ƙasar ya kuma rushe yawancin dokokin jihohi. A Majalisar Dattawa ya tsaya, da ƙuri'a 49 da 51 a watan Mayu na 2022. Tazarar da ke tsakanin Misisifi da rasa dokarta ba ta wuce 'yan kujeru ba.

Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan ja-in-ja, don tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauka a 1979 daga Amurka muka kwaikwayo shi. Lokacin da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a ƙarshen 1999, har jihohi goma sha biyu suka shiga, magoya baya sun dogara da ikon majalisar jiha na yin doka ga mutanenta, shugabannin Kiristoci kuwa suka ruga ga sashe na 10 na kundin tarayya da ya hana a ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati. Batutuwan biyu ba ɗaya ba ne, amma ɗabi'ar ɗaya ce: mai rinjaye a jiha yana yabon ikon jiha, wanda aka fi yawa a jiha yana neman mafaka a tarayya.

A Amurka ma haka ake ta sauya riga. 'Yan Rifablikan, waɗanda tun shekarun Shugaba Reagan manufofin jam'iyyarsu ke neman a gyara kundin ƙasa don kare tayi, sun sassauta wannan magana a 2024 bayan Donald Trump ya ce a bar wa jihohi, abin da tsohon mataimakinsa Mike Pence ya soka da kakkausar murya. 'Yan Dimokurat masu neman dokar tarayya su ne kuma ke fakewa da ikon jiha in ya yi musu daɗi. A farkon 2025 Luwiziyana ta tuhumi wata likita da ke Niyu Yok da aika ƙwayoyin zubar da ciki zuwa Luwiziyana, gwamnar Niyu Yok ta ce ba za ta miƙa ta ba. Irin wannan rikici tsakanin jihohi biyu shi ne raunin da ya fi girma a matsayin masu cewa a bar wa jihohi, domin ƙarshenta dole wata kotun tarayya ta ce wani abu. Hukumar magunguna ta tarayya ce ta amince da ƙwayar tun 2000, gidan waya kuma na tarayya ne. Ba yadda za a yi Washinton ta wanke hannunta tas.

Ni ina cikin masu ganin cewa abin da ke cikin mahaifa rai ne mai alfarma, kuma na yarda da masu neman dokar tarayya cewa iyakar jiha ba ta sauya gaskiyar abu. Wanda ya ce a bar wa jihohi don shi bai damu da yadda ƙuri'a ta faɗa ba, hakika sahun Douglas ya bi. Amma kwatancen bauta yana da wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Lincoln kansa, kafin yaƙi, bai nemi tarayya ta soke bauta a jihohin da take ba, don ya san kundin bai ba shi wannan iko ba. Hana ta yaɗuwa ya nema. Da lokacin sokewa ya zo a 1865, ta hanyar gyaran kundi aka bi, hanyar da ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar kashi uku cikin huɗu na jihohi, wanda a yau yake nufin jihohi 38. Wannan hanya a buɗe take ga Kiristocin da ke son kare tayi a duk ƙasar, kuma wahalarta ita ce amfaninta, don ba a bin ta sai an shawo kan mutane. A 1983 an gwada wani gyara mai sauƙi ƙwarai, na Sanata Orrin Hatch da Thomas Eagleton, wanda abin da ya ce kawai shi ne kundin bai ba da 'yancin zubar da ciki ba. Ƙuri'a 49 ya samu, 50 suka ƙi. Doka ta rinjayen kujera ɗaya ko biyu, wadda majalisa ta gaba za ta kifar ta kafa kishiyarta, ba za ta ceci rai ba, sai dai ta ƙara wa mutane ƙyamar masu kawo ta.

Wuri ɗaya nake ganin tarayya ba ta da uzurin yin shiru, shi ne ran uwa. Duk dokokin hani na jihohi sun ce an yarda a ceci ran mace, amma an rubuta wasunsu da lafazi mai hazo, ga barazanar ɗaurin shekaru da ƙwace lasisi a kan likita. Sakamakon haka an sami matan da ruwan ciki ya fashe musu tun tayin bai kai rayuwa ba, aka ce su jira sai jikinsu ya rikice. A ƙarshen 2023 wata mata a Teksas, da likitoci suka tabbatar tayinta na da cutar da da wuya ya rayu da ita, ta kai ƙara har kotun ƙolin jihar, a ƙarshe ta bar jihar don a duba ta. Akwai dokar tarayya tun 1986 da ta wajabta wa asibitoci ba da agajin gaggawa, kuma da rikici ya tashi tsakaninta da dokar Aidaho, Kotun Ƙoli ta mayar da shari'ar a 2024 ba tare da yanke asalin maganar ba. Kiristan da ke cewa rayuka biyu ne a cikin ɗakin haihuwa, shi ya fi kowa cancantar ya nemi a fayyace wannan fili, yadda likita a kowace jiha zai san ba za a ɗaure shi don ya tsayar da jinin mace ba.

Kuma jihar da ta nemi a ba ta wuƙa da nama, ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Misisifi, wadda dokarta ta kayar da Roe, tana cikin jihohin da jarirai suka fi mutuwa kafin su cika shekara ɗaya a duk Amurka. Har zuwa lokacin hukuncin, a ƙa'idar jihar tallafin lafiya na gwamnati ga matalauciyar da ta haihu yana yankewa ne bayan kwana 60. An sha kawo ƙudurin tsawaita shi yana mutuwa a majalisar wakilan jihar. Sai a watan Maris na 2023, wata tara bayan Dobbs, Gwamna Tate Reeves ya sa hannu aka mayar da shi shekara guda, yana mai cewa tunda jihar ta zaɓi a haifi yaran, wajibi ne ta tsaya wa iyayensu mata.